Haƙora Biyun da Na Ƙara

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku idan na tashi alwala. Kuna cewa babur ɗin yayanku ne ya raba ni da Gwaggonku Rakiya, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake ɗaga wayata ba. Auta ma na ji ta da kunnena ranar Sallah tana cewa da Yaya ya sayar da tsohon ƙarfen nan tun farko, da ba a kai ga haka ba. Ban ce uffan ba, don uwarku ta kafe ni da ido, kuma kun san halina, idan na fara magana cikin zafi ba na sanin inda zan tsaya. Shi ya sa na ɗauki biro. Takarda ba ta katse mutum, ba ta kuma tuna masa da hawan jininsa. Yayanku ba shi da laifi a wannan magana, kuma ina so ku karanta har ƙarshe kafin ku sake ɗora wa wani.

Kun tashi kun gan ni kwance ƙarƙashin manyan motocin bas, ina dawowa gida La Courneuve, unguwarmu ta gefen Paris, da baƙin mai har cikin farce, sai kuka ɗauka sana'ata ke nan tun asali. A Maraɗi ni makanikin babur ne, moto kamar yadda muke cewa can. Ba yabon kai ba, a unguwarmu in an ce Laminu ya taɓa babur, mai shi har tafiyarsa canzawa take yi. Abin da ya yi mini suna shi ne ƙara wa babur gudu, kuma aikin ba wani sihiri ba ne. Sarƙar babur tana tafiya ne a kan faranti biyu masu haƙora, ƙarami a gaba jikin inji, shi muke kira pinyo, da babba a tayar baya, shi ne kuron. Idan ka sa pinyo mai haƙora da yawa, gudu zai ƙaru, amma ƙarfin ja zai ragu, kuma a gangare in ka saki mai injin ba zai riƙe ka ba, sai abin da birki ya yi. Idan ka rage haƙoran, babur zai zama mai nawa, amma zai hau tudu kamar akuya, ya sauka yana riƙe da kansa. A lokacin ba wanda ya taɓa zuwa rumfata ya ce in rage masa. Masu kawo mini aiki samari ne da ke ɗauko fetur a jarkoki daga tsallaken iyaka ta hanyoyin daji, kuma kowannensu so yake ya riga ɗan'uwansa shiga gari.

Ƙanena yana cikinsu. Sunansa Hamisu. Yanzu ma da na rubuta sunan sai da na ajiye biron na ɗan zauna. Shekara biyar na ba shi, dogo ne siriri, mai dariyar da ake ji tun daga bakin layi, kuma Yaya Rakiya ce ta goye shi a bayanta tun Inna tana fama da jinya bayan haihuwarsa. Wata Talata da hantsi ya turo baburinsa cikin rumfata.

"Yaya, ƙara mini haƙora biyu. Kowa wuce ni yake bisa hanya."

Na taka birkin bayan, na ji ƙarfe yana gugar ƙarfe. Na ce, "Fatar birkinka ta cinye. Bari in canza ta tukuna."

"Birki ka bari sai Juma'a, yau sauri nike. In kuwa ba ka iyawa, in tahi wurin wani."

Wasa yake yi, na sani, har haƙoransa a waje. Amma akwai mutane zaune a kan benci, suka yi dariya, ni kuwa a lokacin ban iya jin an ce ba na iyawa ba. Na cire pinyonsa mai haƙora goma sha huɗu, na sa masa mai goma sha shida. Ko rabin awa aikin bai kai ba. Ya tayar, ya zagaya fili sau ɗaya, ya ɗaga mini hannu ya wuce. Washegari Laraba manoma suka tsince shi a ƙasan gangaren gulbi, jarkoki shida a warwatse, babur a kansa.

Kafin la'asar labari ya cika gari cewa 'yan duwan, wato kwastan, ne suka biyo shi. Ba wanda ya biyo shi, 'ya'yana. Na je wurin da ƙafata, sawun taya ɗaya ne tak a kan yashi, kuma na ga inda ya ja birki tun daga sama birkin bai amsa ba. Da aka kawo gawar babur ɗin rumfata, kafin mutane su taru, na cire pinyon da na sa na mayar da tsohon. Na jefa mai goma sha shidan cikin gwangwanin madara na rufe. Ni na yi wa ƙanena wanka. Da muka dawo daga maƙabarta na tsaya gaban Inna da Yaya Rakiya na rantse da Allah hannuna ba zai sake taɓa babur ba. Suka ɗauka baƙin ciki ne ya sa ni, har Inna tana sa mini albarka. Na bar su a haka.

Shekara ta zagayo aka haifi yayanku, Inna ta ce a mayar da sunan marigayi. Wa zai ce mata a'a? Kun san al'adarmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kunya ce. To ni wannan al'ada ta zame mini mafaka. Na kira shi "kai", na kira shi "wannan yaron", da kuka zo na koma cewa "yayanku", mutane suna yaba mini da riƙon al'ada har a ƙasar Turawa, alhali sunan ne ba ya iya wuce maƙogwarona. Na bar babur na koyi mota, wani ma'aikacin jakadanci ya taho da ni Paris ina tuƙa shi ina duba masa mota, da wa'adinsa ya ƙare na zauna na shiga garejin bas, na ɗauko uwarku da yaron. Gwangwanin nan yana cikin akwatina duk inda na sauka.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda yayanku ya cika talatin. Ya gama karatu a Lyon, ya sami aiki a ɗakin gwajin ruwan sha, yana zaune a Bron, a gefen Lyon ɗin. Yaro ne da bai taɓa sa ni magana biyu ba. Rannan sai ga hotonsa a zauren dangi na waya, yana tsaye a kan wani ramammen babur cikin duwatsu, da hular kwano. Ban gama haɗiye wannan ba, bayan 'yan makonni sai ga wani hoton, hannunsa na hagu ya ƙuje an manna masa filasta, yana murmushi kamar wanda aka ba kyauta. Ku kuka yi ta tura masa fuskokin dariya. Ba a yi awa ɗaya ba wayata ta yi ƙara daga Maraɗi. Yaya Rakiya ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Laminu, kana raye mai sunan Hamisu shina hawan moto?"

"Yaya, ni ma yanzu na gani."

"Ka gani? Gani za ka tsaya yi? Tashi ka tahi ka raba shi da abin nan. Ɗaya munka bai wa moto, ba mu ba shi na biyu. In ba ka iyawa, ka haɗa ni da shi."

In ba ka iyawa. Kun ji maganar ta sake dawowa. Yaya ba ta san abin da ta taɓa ba, amma ranar Asabar ina cikin jirgin ƙasa na Lyon, tun daga tasha ina jera maganganun da zan faɗa masa. Na shirya ce masa ko ni ko babur.

Ya tare ni, muka hau taram, ƙaramin jirgin cikin gari, zuwa Bron, na ƙi cin abincin da ya dafa na ce a kai ni in ga abin tukuna. A bayan gidajensu akwai jerin ƙananan gareji masu ƙofar ƙarfe, ya ɗaga ɗaya. Babur ne ɗan Sifaniya, ya girmi yayanku nesa ba kusa ba, ja da ruwan azurfa, ba fitila, ba madubi, wurin zamansa bai fi tafin hannuna ba. Na haɗa hannuwana a baya na riƙe ɗaya da ɗaya, don na ji suna so su miƙa da kansu. Warin man injin nan ya dake ni, sai ga rumfata ta Maraɗi a gabana har da bencin. Murfin pinyon a cire yake, idona ya ƙirga haƙoran ba da izinina ba. Goma sha uku.

Na ce, "Ka saida shi."

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ka ce in yi karatu, na yi. Ka ce kar in bi yaran cité, 'yan zaman banzan unguwa, ban bi ba. Wannan shi kaɗai ne abin da na zaɓa da kaina. Ka zo gobe ka gani tukuna, ba gudu ake yi ba."

Na ce babur da ba a gudu da shi ban taɓa jin labarinsa ba. Amma yadda ya yi maganar ya hana ni fito da sauran da na shirya. Na ga cewa idan na tilasta masa zai bi, ya sayar, ya ci gaba da gaishe ni kowace Juma'a a waya, amma wani abu zai rufe a tsakaninmu wanda ba ni da mabuɗinsa. Ko kuma ya ce ya sayar, ya mayar da babur garejin aboki. Na san wannan hanyar, don ni ma ɗan ɓoye-ɓoye ne.

Da safe muka ɗora babur a bayan motar wani abokinsa, muka yi tafiyar kusan awa guda zuwa wani tsohon wurin fasa dutse a cikin tsaunuka. Abin da na tarar ya ba ni mamaki. Tsofaffi ne sa'o'ina, wasu sun girme ni, kowa da tsohon baburinsa. An kewaye wurare da zare, a ciki akwai duwatsu da saiwoyin itace da gangare. Mutum zai shiga a tsaye kan babur, ba ya zama, ya bi ta kan duwatsun nan a hankali kamar mai tsallake kwata da sabon takalmi. Wanda ya sa ƙafa a ƙasa an rubuta masa laifi ɗaya, kuma mai ƙarancin laifi shi ya ci. Wasan sunansa tiriyal. Wani dattijo mai farin gemu yana tsaye da kati, shi ke ɗaga yatsa idan ƙafa ta taɓa ƙasa. Na ce a raina, Bature dai ba ya rasa abin yi, mu muna hawa don mu isa da wuri, su suna gasar wanda zai fi daɗewa bai isa ba. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ga shi ni da na yi suna da gudu na haifi mai neman lada a rarrafe. Har na fara jin sanyi a zuciyata.

Sai layi ya zo kan yayanku. Tun kafin ya kai dutsen farko kunnena ya gaya mini akwai matsala, kamar yadda uwa ke gane tarin ɗanta a cikin yara goma. Sauran baburan suna tafiya suna bugawa ɗaya-ɗaya, nasa kuwa ko dai ya nemi mutuwa ko ya zabura. Yana ta matse kuloci yana saki don ya rage masa sauri, har ƙaurin ya iso inda nake. Ya hau tudun da ƙyar, sau uku yana sa ƙafa a ƙasa. Da ya juyo gangare ya saki mai, injin bai riƙe shi ba. Babur ya taho da shi, ya danne birki, tayar baya ta ja gefe, ya wuce zaren ya tsaya taku biyu daga bakin rami. Mutane suka tafa masa don bai faɗi ba. Ni kuwa na nemi dutse na zauna. Gangaren gulbi na gani, wanda ban ga faruwarsa ba sai sawunsa, ga shi an nuna mini da rana tsaka.

Dattijon mai farin gemu ya zo ya leƙa pinyon, ya ce wanda ya sayar da babur ɗin a kan kwalta yake hawansa zuwa sayen burodi, shi ya sa ya ƙara masa haƙora, dole a rage. Yayanku ya ce ya sani.

"Na riga na yi commande, na sayi wani yana hanya, Baba. Mai haƙora tara. Zan sa da kaina, akwai vidéo."

Na ce, "Tara ya yi ƙanƙanta. Sarƙa za ta riƙa lanƙwasa da yawa, ta ci ƙarfen da ke riƙe da taya, wata rana ta tsinke maka bisa dutse."

Ya yi dariya, irin dariyar mai sunansa sak, ya dafa kafaɗata. "Baba, wannan ba bas ba ne. Moto daban yake, ba ka san shi ba."

Da a ce wani ne ya faɗa mini haka a Maraɗi, da sai an raba mu. Na haɗiye. Ban sake cewa ya sayar ba, ban ce ya bari ba, na hau jirgin yamma na komo Paris.

Kwana biyu ina zagaye falo, uwarku tana kallona. A na uku, kun tafi makaranta da wurin aiki, na ɗauko gwangwanin na buɗe a gabanta na faɗa mata komai. Ita ce mutum na farko da ya ji. Ta daɗe tana duban pinyon, ya yi tsatsa amma haƙoransa ko ɗaya bai ci ba, don kwana ɗaya kawai ya yi aiki.

Ta ce, "Shekara talatin ina share ƙurar gwangwanin nan, Malam. Na aza laya ce."

Na ce mata ga inda nake. In na bar yaron da abin da ya gani a waya, zai sa tara, ya ɗaure sarƙa yadda ya ga dama, kuma ba wanda ya duba birkin nan. In na taɓa, na karya rantsuwar da na yi gaban Inna.

"Rantsuwa tana da kaffara," in ji ta. "Yaro in ya faɗa rami, mi za ka bayar a maido maka shi?"

Ta kawo shawarar in gyara masa shiru, in ce wa Yaya an sayar. Tausayina ne ya sa ta faɗi haka, kuma wallahi na so in karɓa. Amma ƙarya ɗaya na riga na ɗauka shekara talatin, na san nauyinta, ba ni da wuyan ɗaukar ta biyu. Kuma ku da wayoyinku, ina hoto zai ɓuya? Yaya za ta gani, ta tambaye ni yadda aka yi na bar shi a kai, kuma ba yadda zan yi in fahimtar da ita cewa babur mai nawa ba ya kisa sai na faɗa mata abin da ya sa wancan ya yi kisa. Na tambayi limaminmu hukuncin rantsuwar ba tare da na ba shi labarin ba, ya ce in ciyar da mabuƙata goma. Uwarku ta dafa shinkafa da miyar kaji, muka zuba a robobi goma, na kai wa samarin da ke kwana ƙarƙashin gada wajen La Chapelle. Na dawo na yi azahar, na kira Maraɗi.

Wannan karon na gaishe ta gaisuwa cikakkiya, na tambayi jiki, na tambayi jikoki da zafi, ina jan lokaci. Sannan na faɗa mata. Talatar, haƙora biyun, birkin da na bari sai Juma'a, sawun taya ɗaya, da pinyon da na canza kafin a taru. Na ji zakara yana cara a tsakar gidanta.

"Kai ka yi mashi wanka, Laminu."

"Ni ne, Yaya."

"Da hannun nan."

Na ce da shi. Ta ce, "Inna ta mutu tana kai ƙarar mutanen da ba su yi mata komi ba wurin Allah. Kana zaune kana cewa amin."

Gaskiya ta faɗa. Na ce ta yafe mini. Wayar ta mutu. Na kira washegari, na kira ranar Juma'a, na kira da Sallah ƙarama da babba, na aika mutane masu girma, ba ta ɗaga ba kuma ba ta aiko da zagi ba. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan har aka kira ni aka ce ta cika. Ina jin zafin wannan har gobe, kuma ban ga laifinta ba, ita ta goya shi. Amma ku lura da abu ɗaya. Duk matafiyin da ya taso daga Maraɗi, Gwaggonku takan ba shi ƙullin kilishi biyu, ɗaya nawa ɗaya na yayanku. Ku tambaye shi, nasa bai yanke ba har watan da ta rasu, ta san kuma yana hawan babur ɗin. Nawa ne ya yanke.

A makon da na yi waya da ita na kira yayanku na ce ya mayar da taran nan. Na ce ya nemo pinyo mai goma, kuron mai arba'in da shida a madadin mai arba'in da biyun da ke jiki, sabuwar sarƙa, da fatar birki gaba da baya. Ya ce a ina na ga adadin haƙoran kuron ɗinsa. Na ce ya sayo dai.

Asabar da hantsi muka ɗaga ƙofar garejin. Na naɗe hannun riga, na yi bisimilla, na ɗora tafina a kan tankin. Sanyi gare shi. Sai na ga hannuna ya san hanya fiye da ni. Birki na fara buɗewa, gaba da baya, kafin in kalli wani abu, kuma na bayan ya kusa kai wa ƙarfe. Sannan na miƙe ɗan kunnen ƙarfen da ke kulle notin pinyo, na sa shi ya taka birki na kwance notin. Ina yi ina gaya masa dalili. Haƙori ɗaya a gaba ya kai huɗu a baya, saboda haka goma a gaba da ƙarin huɗu a baya zai ba shi nawar da yake nema a wurin tara, ba tare da an wahalar da sarƙa ba. Sabon faranti ba ya zama da tsohuwar sarƙa, cinye juna za su yi. Ɗan makullin da ke haɗa bakin sarƙa, rufaffen kansa ne ke fuskantar inda sarƙa ta nufa, in ka juya shi ciyawa ma tana iya fizge shi. Na sa shi ya hau ya tsaya da dukkan nauyinsa kafin in daidaita sakin sarƙar, don irin waɗannan tsofaffin suna ɗaure ta idan baya ya nutse. Yana tsaye a kai yana kallona kamar yau ya fara ganina.

"Baba, a ina ka koyi wannan?"

Na goge hannu, na ciro gwangwanin daga jakata na ajiye a kan kanta kusa da mai goma sha ukun da na cire. Na ba shi labarin ina duban sarƙa, don ban iya duban fuskarsa ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya sauko, ya ɗauki pinyon mai tsatsa yana bin haƙoran da yatsa.

Ya ce, "Shi ya sa ba ka kiran sunana? Na ɗauka kunya ce."

Na ce ya miƙo mini sifana, akwai notin da ban gama ɗaurewa ba. Ya miƙo. Ba mu sake maganar ba ranar.

Lahadi muka koma wurin fasa dutsen, aka sake kewaye tudun nan da gangarensa. Da ya tayar da babur na ji bugun ya zauna, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya shiga zaren, ni kuma na bi ta gefe da ƙafa, da takalmin masallaci da ciwon gwiwata. Ya hau dutsen farko, ya hau na biyu, yatsansa ko kusa da kuloci bai je ba. Muna tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai na ga na fara wuce shi. Ni, tsoho, a ƙasa, na riga babur kai wa saman tudu, har na tsaya ina jiransa. Ya iso, ya juya kan babur ya fuskanci gangaren, ya saki mai. Injin ya riƙe shi. Ya sauko a hankali kamar mai saukowa daga tsani da tiren shayi, tayar baya tana bin ta gaba, ramin yana can gefe ba ruwansa da shi. Ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba tun daga farko, saura taku kaɗan ya fita daga zaren, dattijon mai farin gemu ya riga ya ɗaga hannu zai nuna babu laifi ko ɗaya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Daga saman tudun na ƙwala kira, da muryar da nake kiran wancan daga bakin layi.

"Hamisu!"

Ya waiwayo. Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunan nan daga bakina ba, sai ya manta da babur, ya manta da zare, ya sauke ƙafarsa ƙasa ya tsaya yana dubana. Dattijon ya girgiza kai, ya ɗaga yatsa ɗaya ya rubuta a kati.

Katin yana nan cikin gwangwanin madara tare da pinyon, uwarku za ta nuna muku. Laifi ɗaya ne a jiki, da sunan yayanku aka rubuta shi, amma shi ma nawa ne.